Ƙarfin namiji da sankarar furostat: tambayoyin da dattawan Damagaram ke yi da murya ƙasa-ƙasa

Na yi shekaru ina aikin jinya a nan Damagaram, amma yawancin tambayoyin da na tara a nan ba a ɗakin likita aka yi mini su ba. Wani a ƙofar masallaci zai tare ni bayan la'asar, wani a zaman makoki zai matso ya rage murya, ya ce akwai wani amininsa da fitsari ke ba wahala. Sau da yawa aminin nan shi ne mai maganar, ban kuwa ga laifinsa ba. Zance ne na ƙasan cibiya, mu kuma da kunya aka rene mu. Sai dai na ga kunyar nan ta kwantar da dattawa masu kuzari, ba a kawo su asibiti ba sai da ciwo ya kai ƙashi. Abin da ya sa na zauna na rubuta ke nan.

Mece ce furostat? Ita ce mafitsara?

A'a. A rediyo ana yawan cewa "sankarar mafitsara", kuma wannan suna yana rikita mutane. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa, mace ma tana da ita. Furostat ƴar tsoka ce da namiji kaɗai ke da ita. Tana zaune daidai ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta kamar yadda zare ke ratsa ƙwayar carbi. A jikin saurayi ba ta wuce ɗan goro madaidaici ba, nauyinta wajen giram 20, aikinta kuma ta ba da wani kaso na ruwan maniyyi. In ta kumbura sai ta matse hanyar, fitsari ya riƙa fita da ƙyar.

Mene ne hormon, me kuma ya haɗa shi da wannan tsoka?

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san aikin hormon tun kafin ya ji sunansa. Dubi bunsuru da taure. Uwarsu ɗaya, turkensu ɗaya, dusar da suke ci ɗaya, amma bunsuru ga wari, ga faɗa, ga bin awaki, taure kuwa ya natsu yana tara kitse. Bambancinsu wani sinadari ne da ƴaƴan maraina ke zubawa cikin jini. Irin waɗannan sinadarai da wata gaɓa ke aikawa ta jini su je su ba wata gaɓa umarni, su likitoci ke kira hormon. Na maza sunansa testosteron. Shi ke buɗe muryar yaro in ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina masa ƙwanji, ya ba shi sha'awa.

Umarnin daga ƙwaƙwalwa yake farawa. Ita ke aika saƙo ga wata ƴar halitta da ke gindinta, wannan ta aika nata saƙon ga maraina, maraina su haɗa testosteron. Kusan kashi 95 cikin 100 daga nan yake fitowa. Ɗan ragowar yana zuwa ne daga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda. A riƙe wannan ragowar a rai, za mu komo kanta a gaba.

In testosteron ya shiga furostat, akwai wani sinadari a ciki da ke juya shi ya koma DHT, wanda ya fi shi ƙarfi nesa. Cikin kowace ƙwayar halitta ta furostat akwai wurin da DHT ke shiga ya zauna, kamar makulli cikin kwado. Da ya buɗe, ƙwayar ta samu izinin girma da hayayyafa. Ba makulli, ba girma. An daɗe da lura cewa babannin fada na zamanin da, waɗanda aka dandaƙe tun kafin balaga, furostat ɗinsu ba ta girma. A 1974 kuma wata likita mai suna Julianne Imperato-McGinley ta bayyana wasu iyalai a Jamhuriyar Dominika da ake haifar ƴaƴansu maza ba su iya juya testosteron zuwa DHT, sai ga shi furostat ɗinsu ta tsaya ƴar mitsitsiya har girmansu.

Ke nan testosteron ne ke kawo sankarar? Wanda ya fi ƙarfin namiji ya fi shiga haɗari?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata, har da wasu ma'aikatan lafiya.

Asalin maganar daga Shikago ta Amurka take. A 1941 wani likitan fiɗa, Charles Huggins, tare da Clarence Hodges, suka nuna cewa mazan da sankarar furostat ta riga ta bazu musu a ƙashi, in aka cire musu maraina ko aka ba su hormon na mata, ciwon yana lafawa, in kuma aka yi musu allurar testosteron sai ya tashi. Wannan ne karo na farko da aka ga ana iya danne sankarar furostat ta hanyar hormon, kuma a kansa aka ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Daga nan duniya ta ɗauka cewa tunda rage testosteron yana kwantar da ciwon, to yawansa ne ke kawo shi.

Sai dai akwai abin da bai zauna ba. Testosteron ya fi yawa a jikin ɗan shekara 20, daga wajen shekara 40 kuma yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Ita kuwa sankarar ba ta cika kama saurayi ba, dattijo take kamawa, lokacin da sinadarin ya ja baya. Da yawansa ne sila, da ƴan kokowa da samarin da ke ɗaga ƙarfe a unguwanni ne za su cika gadajen asibiti.

A 2008 masu bincike suka haɗa sakamakon nazari 18 da aka yi a ƙasashe daban-daban, inda aka ɗebi jinin maza tun suna lafiya aka ajiye, aka bi su shekaru. Aka gwada jinin kusan 3,900 da suka kamu daga baya da na sama da 6,400 da ba su kamu ba. Ba a ga wani bambanci a yawan testosteron ɗinsu ba. Bayan shekara goma, a 2018, wani babban nazari daga jami'ar Oksford ya ƙara haske: waɗanda nasu ya yi ƙasa ƙwarai, kashi ɗaya cikin goma na can ƙasa, haɗarinsu ya ragu da kusan kashi 23 cikin 100, amma daga nan zuwa sama duk kusan ɗaya ne.

Bayanin da likitoci da dama suka karɓa shi ne kwadunan nan na cikin furostat suna da iyaka. Testosteron kaɗan ya isa ya cika su duka. Randa in ta cika, ko ka ƙara mata tulu goma zubewa zai yi. Shi ya sa mai matsakaicin testosteron da mai yawa ba su bambanta ba, amma in aka kwashe shi ƙaf, ƙwayoyin sankara su ji a jikinsu.

Ni yadda nake faɗa wa manoma: ruwan damina ba shi ke kawo irin ƙuduji gona ba, irin yana cikin ƙasa tun tuni. Amma in ba damina, ba zai tsiro ba. Sankara tana farawa ne daga lalacewar da ke samun rubutun halitta na ƙwayoyin furostat a tsawon shekaru. Testosteron yana shayar da abin da ya riga ya lalace.

Ina da mata uku. Yawan kusantar iyali yana jawo ta?

Babu hujjar haka. Wani nazari na jami'ar Harvard da ya fito a 2016, wanda ya bi maza kusan 32,000 tsawon shekara 18, ya ga ma akasin haka: masu fitar da maniyyi sau 21 ko fiye a wata sun ɗan fi ƙarancin kamuwa, da wajen kashi 20 cikin 100, a kan masu sau 4 zuwa 7. Wannan bai mai da abin magani ba, kada wani ya ɗauke shi haka. Amma ya isa ya cire wa mai iyali zargin kansa. Na taɓa ganin dattijon da ciwon bai dame shi kamar tunanin cewa shi ya jawo wa kansa da aure-aure ba, kuma ba gaskiya ba ne.

To me ke kawo ta?

Abu uku ne aka tabbatar, kuma ba wanda mutum ya zaɓar wa kansa. Na farko shekaru: kafin 40 da wuya, bayan 50 tana ƙaruwa, mafi yawan masu ita sun haura 65. Na biyu gado: wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ta, haɗarinsa ya ninka kusan sau biyu, kuma gidan da mata ke yawan sankarar nono, mazansu ma su kula, don akwai wani gurɓataccen gado mai suna BRCA2 da ke kawo duka biyun. Na uku mu baƙar fata mun fi kamuwa, kuma tana zo mana da wuri. A Ingila an ƙiyasta cewa baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali a sauran maza ɗaya ne cikin takwas. A duniya baki ɗaya, a 2022 an samu sababbin masu ita kusan miliyan ɗaya da dubu 470, ta kuma kashe kusan dubu 397. A Afirka kudu da Sahara ita ce sankarar da ta fi kama maza.

Maganin ƙarfin maza da ake sayarwa a kasuwa da tasha fa? Da allurar testosteron?

A raba su gida-gida. Ƙwayar nan shuɗiya, Viagra da ƴan'uwanta, ba hormon ba ce. Jijiyoyin jini take buɗewa, ba ta ƙara testosteron, ba a kuma same ta da kawo sankara ba. Haɗarinta yana wajen mai ciwon zuciya, musamman mai shan maganin ciwon ƙirji.

Garin magani da tsimi da ruwan gora da ake tallarsu da lasifika, matsalarsu ba wanda ya san abin da ke ciki. A ƙasashe da dama hukumomi sun gwada irinsu sun tarar an daka ƙwayar bature an zuba ba awo. Babbar ɓarnarsu a wurina ita ce lokacin da suke cinyewa: mutum ya shekara biyu yana sha don fitsari ko don rauni, ana ce masa sanyi ne ko basir, ciwon gaske yana tafiya.

Allurar testosteron kuwa, irin su Androtardyl, magani ne na gaskiya ga wanda gwajin jini ya nuna nasa ya yi ƙasa. Wani babban gwaji da ya fito a 2023, mai maza sama da 5,000, bai ga ƙaruwar sankarar furostat ga masu amfani da testosteron ba. Amma a lura, kafin a ɗauke su sai da aka tace, aka fitar da duk wanda ake zargi da ciwon. Wanda ke ɗauke da sankara bai sani ba, ya je farmasi ya sayi allura aka yi masa a gida, ya yi wa ƙuduji ban-ruwa. Kada dattijo ya karɓi wannan allura sai an gwada masa PSA, wato gwajin jini da ke nuna halin da furostat ke ciki, likita ya duba shi. Samari masu ɗaga ƙarfe su ma su sani, tana ƙanƙantar da maraina, tana rage haihuwa.

Ƙiba da abinci suna da hannu?

Suna da ɗan hannu. Mai teɓa testosteron ɗinsa yakan yi ƙasa, amma in sankarar ta kama shi ta fi zuwa da zafi. Akwai wani hormon na girma mai suna IGF-1 da aka ga masu yawansa sun ɗan fi kamuwa. Rage teɓa, tafiya da ƙafa, barin taba, duk suna da amfani, ba don furostat kaɗai ba. Amma babu wani abinci ko ganye da aka tabbatar yana hana ta, zogale ne ko tafarnuwa ko habbatus sauda.

Tunda DHT ne makullin, ba ƙwayar da za a sha a toshe shi tun kafin ciwo ya zo?

An gwada. Akwai finasterid da dutasterid, masu hana testosteron komawa DHT. A wani gwaji da aka buga a 2003, an ba maza kusan 19,000 finasterid ko ƙwayar da ba magani a ciki tsawon shekara bakwai, sai kamuwa ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Amma ragin ya fi yawa a sankara mai sanyi wadda da ma ba ta cika kisa ba, aka kuma ga ɗan ƙari a mai zafi. Bin diddigi na shekaru bai nuna cewa masu shan ta sun fi tsawon rai ba. Saboda haka ba a ba da ita don rigakafi. Ana ba da ita ga mai kumburin furostat na tsufa, tana kuwa aiki.

Abu ɗaya nake roƙon mai shan ta: ya faɗa wa likita kafin gwajin PSA. Bayan wata shida zuwa shekara tana rage lambar da kusan rabi, sai takarda ta nuna lafiya alhali akwai magana.

Ina tashi fitsari sau huɗu da dare, kuma ba ya fita da ƙarfi. Sankara ce?

Mafi yawan lokaci ba ita ba ce. Kumburin tsufa ne, wanda ke samun rabin mazan da suka kai 60, shi ma DHT ke ciyar da shi, amma ba ya rikiɗa ya zama sankara. Abin tsoron shi ne sankarar takan fara daga gefen tsokar, nesa da hanyar fitsari, sai ta yi shekaru ba alama. Wani ma alamarsa ta farko ciwon baya ne ko na ƙugu wanda ba ya barinsa barci.

Jini a fitsari kuma, a ƙasarmu ta tafkuna, a tuna da tsargiya, wadda in ta daɗe tana iya kawo sankarar ainihin mafitsara. Wannan ciwo ne daban.

Hanyar sani uku ce. Gwajin jini na PSA, wanda in ya haura 4 ake ƙara bincike, ko da yake ciwon sanyi da kumburin tsufa da robar fitsari duk suna iya ɗaga shi. Sai likita ya sa safar hannu ya taɓa furostat ta dubura, abin da ba ya kai minti ɗaya, kuma shi ne abin da ya fi korar mutanenmu. Na san nauyinsa. Amma yatsan likita yana jin taurin da eko, na'urar hoton ciki, ba ya gani. Na ƙarshe a tsinko ɗan nama da allura a duba, shi ne mai yanke hukunci. Shawarata, daga shekara 45 namiji ya je ya yi maganar PSA da likita, mai gadon ciwon kuwa tun daga 40.

Likita ya ce sai an cire wa mahaifinmu maraina ko a riƙa yi masa allurar rage testosteron. Me ya haɗa ciwon baya da maraina?

Ƙwayoyin da suka tafi ƙashin baya ƴaƴan furostat ne, ko ina suka je da halinsu suke tafiya, testosteron suke sha. Ba za a iya bin su ɗaya-ɗaya da wuƙa ba, amma ana iya yanke musu ruwa daga tushe. A jikin lafiyayyen namiji testosteron yana tsakanin 300 da 1,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, magani kuma so yake ya mai da shi ƙasa da 50.

Ba na manta wani tsoho da ƴaƴansa suka kawo daga wani ƙauye ta wajen Mirya, kwance a kan tabarma a bayan mota. Wata uku yana ciwon baya. Gadon bayansa duk shaidar ƙaho da tsagar wanzami, a ƙugunsa ga laya an ɗaura da jan zare. PSA ɗinsa ta haura ɗari da yawa. Da likita ya yi bayani ya fita, sai tsohon ya kamo hannuna ya ce, "Ɗana, taure kuke so ku mai da ni?" Ɗakin ya yi tsit, babban ɗansa ya sunkuyar da kai. Na durƙusa na ce, "Baba, ƴaƴanka goma sha ɗaya, jikoki ba adadi. Abin da za a cire ya gama yi maka aiki, yanzu ciwon yake yi wa. Girmanka yana nan inda yake." Bai amsa ba. Sai da ya kwana biyu, aka kira masa limamin garinsu a waya, sannan ya yarda. Kafin mako ya zagayo ya daina nishin dare. Bayan wata ɗaya ya shigo da ƙafarsa yana dogara sanda, ɗansa na biye da zabi biyu a hannu.

Ba warkewa ya yi ba, kuma ba mu ce masa ya warke ba. Ya dai samu shekaru yana zuwa masallaci da kansa, ya aurar da autarsa.

Tsakanin allura da aiki wanne ya fi?

Wajen danne ciwo daidai suke. Aikin ɗan ƙarami ne, ba ya buƙatar a sumar da mutum gaba ɗaya, cikin yini guda testosteron ya faɗi, kuma sau ɗaya ake biya. Akwai ma yadda ake yinsa a kwashe naman ciki kawai a bar kwanson, jakar ba ta zama fayau ba. Aibinsa ba a komawa baya.

Allura, irin su Zoladex da Decapeptyl, ana yin ta duk wata ko duk wata uku, wata ma duk wata shida. Ƙwaƙwalwa take sa wa ta daina aika saƙo ga maraina. A mako ɗaya zuwa biyu na farko testosteron yana fara tashi kafin ya faɗi, shi ya sa ake haɗawa da ƙwayar bikalutamid, wadda aka fi sani da Casodex, don ta toshe kwadon a wannan tsakanin. Kada a raina wannan ƙwaya, ga mai ciwo a ƙashin baya rashinta na iya kawo shanyewar ƙafafu. Amfanin allura shi ne ana iya tsayar da ita. Wanda ciwonsa bai bazu ba aka haɗa masa da gashin na'ura, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, yakan yi ta wata shida ne zuwa shekara uku a daina.

Amma ga abin da ke ci mini rai. Allurar tana da tsada, ba kullum ake samunta ba, wani lokaci sai an aika Yamai ko Kano. Iyali su sayar da tumaki su yi ta farko da ta biyu, tsoho ya ji sauƙi, kuɗi su ƙare, a yi shiru wata takwas, a dawo da shi ya fi da lalacewa. In gida ya san ba zai iya ɗaukar allura shekara da shekaru ba, ni a ganina aikin ya fi masa alheri, kuma a faɗa wa likita gaskiyar aljihu tun ranar farko. Wanda ya zaɓi allura kuma ya karanta abin da aka rubuta a kwalin game da ajiya, don zafinmu na watan Afrilu yana haura 40, wasu kuwa sai a firji.

Addini ya yarda? Azumi fa?

Dandaƙar ɗan Adam haramun ce a Musulunci, wannan sananne ne. Amma malamai suna da ƙa'idar cewa lalura tana halatta abin da aka hana, da ita ake yanke ƙafar da ta ruɓe. Mai shakka ya tafi wurin malamin da ya yarda da shi, ya kai masa bayanin likita cikakke, ba rabi ba. Allura kuwa ana iya shirya ta bayan shan ruwa. Masu shan ƙwayoyi kullum su zauna da likita kafin watan ya kama a tsara lokaci, don akwai wadda ba a haɗa ta da abinci.

Me zai canja a jikina in aka rage mini testosteron?

Ba zan ɓoye ba, da yawa. Sha'awa tana raguwa ƙwarai, yawanci kusantar iyali tana gagara. Zafi yakan taso wa mutum daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta karyo ko da cikin hunturu ne. Ƙwanji yana saki, teɓa ta fito, nono ya ɗan tasa, gajiya ta yi yawa. A hankali ƙashi yana yin sakayau har ƙaramar faɗuwa ta karya shi, suga da kitsen jini suna iya hawa. Wani kuma zuciyarsa ke yin rauni, ka ga mutumin da bai taɓa hawaye a gaban ƴaƴansa ba yana yi. Murya ba ta komawa ta mata, gemu ba ya zubewa, hankali yana nan.

Tafiyar rabin awa kullum da ɗan aikin ƙarfi suna riƙe tsoka da ƙashi fiye da yadda ake zato. A riƙa gwada suga da hawan jini. Nono da madara da ƙananan kifi suna taimakon ƙashi.

Sai maganar uwargida. Mazanmu sukan ɓoye, matar ta ga miji ya juya baya, ta ɗauka ya daina sonta ko an yi musu asiri, gida ya ɗau zafi a kan abin da magani ne ya kawo. Alhaji, ka zaunar da Hajiya ka faɗa mata da bakinka. A abin da na gani, matan sun fi mu iya ɗaukar wannan labari, kuma su ne ke tuna ranar allura.

An yi wa yayana aikin, ya samu sauƙi shekara biyu, yanzu PSA tana hawa. Aikin bai yi ba ne?

Ya yi. Abin da ya faru shi ne rani yana kashe ciyawa, amma kiri-kiri saiwarsa tana nan a ƙasa. Cikin ƙwayoyin sankara akwai ƴan kaɗan da ke koyon zama da ƙishi. Wasu su yawaita kwadunansu har ɗigon hormon ya ishe su. Wasu su koma shan ragowar nan da ke fitowa daga saman ƙoda, wasu ma su fara haɗa nasu testosteron da kansu. Akwai waɗanda kwadonsu ke lalacewa ya zauna a buɗe ba makulli. Ga wanda ciwonsa ya bazu, wannan yakan zo bayan shekara biyu zuwa uku, wani ya daɗe fiye da haka sosai.

Ba ƙarshen hanya ba ne. Abirateron, wadda ta fito a 2011, tana hana haɗa hormon ko ina a jiki, ana shan ta tare da ƙwayar furednizon. Enzalutamid, ta 2012, tana toshe kwadon da ƙarfi. Akwai shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, mai suna dosetaksel. Manyan gwaje-gwaje tun daga 2015 sun nuna cewa in aka haɗa ɗaya daga cikinsu da rage testosteron tun farko, ba a jira ciwo ya dawo ba, mutane sun fi tsawon rai. Tsadarsu ce bango, amma a tambayi likita, don abirateron yanzu tana da samfurin Indiya mai rangwame. Mai allura kuma kada ya daina ta don PSA ta hau, ana ɗora sabon magani ne a kanta.

Ina za mu nufa, kuma yaushe ne ba a jira gari ya waye?

A fara da likitan da ke kusa, a nemi takardar PSA. Babban asibitin ƙasa na Damagaram yana da sashen likitocin hanyar fitsari, su ke duba furostat, su ke yin aikin. In ana buƙatar gashin na'ura, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara yinsa tun 2021. Wanda aka gano nasa tun yana cikin furostat bai fita ba, ana iya cire ta ko a gasa ta ya warke sarai, wani ma mai sanyi ne, sa ido kawai ake yi ba a taɓa hormon ɗinsa ba.

Abu biyu ba sa jira. Fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura. Ko mai ciwon baya ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, suna mutuwa, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa bai sani ba. Wannan na biyun alama ce ciwo ya danne lakar baya, kuma awoyi ne ke raba wanda zai sake tafiya da wanda ba zai sake ba. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

In za a zo, a haɗo duk tsofaffin takardun gwaji cikin leda ɗaya, har waɗanda suka yi shekaru, don likita ya fi karanta yadda lambar ke hawa a kan lamba guda. A zo da kwalayen duk abin da ake sha, har da ƙullin garin da aka sayo a kasuwar Dole, a kuma zo da ɗa ko ƙane wanda zai riƙe bayanin.